Ƙodar da Ba a Nema Ba

A makarantar da take koyar da lissafi Auta ta fara lura da cewa wani abu ya sauya. Ta shiga ofishin malamai da safe rungume da littattafan 'yan ajinta, sai malamin kimiyya, mutumin da ko biro bai taɓa ara wa wani ba, ya zabura ya karɓe mata su. Malamar tarihi ta tashi daga kan kujera mai katifa, wadda kullum ake rige-rigen zama a kanta, ta ce, "Zauna nan, Malama. Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau," in ji Auta.

"Haka ake so. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta shiga banɗaki ta dubi madubi. Fuskarta ce dai ta jiya, har da ɗan ƙurjin da ya fito mata a haɓa. Ta ɗaga kafaɗa ta wuce aji.

Kafin a tashi shugabar makaranta ta aika a kira ta. Mace ce mai faɗa, amma ran nan da kanta ta rufe ƙofa, ta yi ƙasa da murya. Ta ce ta cire Auta daga masu tsaron ƙofa da safe, kuma ba sai ta riƙa tsayuwa a taron ɗalibai ba. "Duk ranar da za ki je wankin, ki faɗa min kawai. Ba sai kin rubuta takarda ba."

"Wanki kuma? Ai ran Asabar nake yi, shi ma yara na taya ni."

Shugabar ta kafe ta da ido, har idanun suka kawo ruwa. Ta ce, "Ke jaruma ce, Malama. Je ki."

Auta ta yi niyyar ba maigidanta labari su yi dariya, amma ba ta sami zarafi ba. Marubucin labarin fim ne. Da aikin ya yi masa sanyi sai ya karɓi motar wani abokinsa yana haya da ita daga safe zuwa la'asar. Ya daɗe yana fama da wani labari da ya ƙi tafiya, kullum fuska a murtuke, ya rubuta shafi ya goge. Amma a 'yan makonnin nan ya zama wani mutum daban. Yana dawowa zai ajiye makullin mota a kan firji, ya cusa abin sauraro a kunne, ya buɗe kwamfuta a teburin cin abinci, yatsunsa na gudu kamar ana kora su. In ta yi magana sai ya ɗaga mata hannu yana murmushi. Ta ji daɗin ganinsa haka, shi ya sa ba ta katse shi.

Ran Alhamis bayan azahar tana zaune a falo tana duba jarrabawa, yaran sun tafi gidan maƙwabta, sai yayarta ta turo ƙofa ko sallamar kirki babu. Su biyu ne kawai a wurin iyayensu. Yaya tela ce, tana da shago a bakin babban titi, kuma ba ta barin shagon da rana sai da dalili mai ƙarfi. Ta jefar da jaka, ta durƙusa a gaban Auta, ta kama ƙafarta ta danna idon sawun da babban yatsa. Ta saki, ta kama ɗayar.

"Yaya, lafiya?"

"Ba su kumbura ba. Buɗe idonki in gani."

"Wai mene ne?"

Yaya ta zauna daɓas a ƙasa. Sai a lokacin Auta ta ga filasta da auduga a lanƙwasar hannunta, ta kuma ga yadda idanunta suka faɗa.

"Ni za ki ɓoye wa, Auta? Ni da na goya ki? Duk gari ya sani sai ni?"

"Ya san me?"

"Cewa ƙodojinki sun mutu."

Jan biron da ke hannun Auta ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera.

Yaya ta shiga ba ta labari, maganar na fitowa a gutsure. Wata mata da ta daɗe tana kawo mata ɗinki ta zo ta karɓe yadinta ba a ko yanka shi ba, ta ce ba za ta sa kayan da hannun marar imani ya taɓa ba. Wasu suka daina amsa gaisuwarta. Daga baya wata ta ji tausayinta ta zaunar da ita ta faɗa mata komai. Wai ta hau motar haya, direban ya ba ta labari yana share hawaye: matarsa malamar lissafi ce, ƙodojinta sun daina aiki, yayarta tela ce kuma ita kaɗai jininsu ya zo ɗaya, amma ta ce ba za ta bayar ba, ita ma tana da 'ya'yan da za ta raina. Matar ta gane direban, don ta sha ganinsa yana sauke Auta a ƙofar shagon.

"Na ce a raina, ciwon gaskiya ne, kun dai yanke min hukunci ne ba ku tambaye ni ba. Tun ran nan ban runtsa ba. Na gaya wa maigidana zan bayar, ya ce in tuna da yara, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba tun aurenmu. Yau na je asibiti. Suka ce ba abin da za su iya faɗa sai sun ga marar lafiyar da likitanta. Na ce to su ɗebi jinina su fara duba nawa. Sun ɗiba." Ta ɗaga hannun mai filasta. "Ga ni. Ki faɗa min ranar da za a yi."

Sai a lokacin Auta ta fara haɗa abubuwan. Kujerar malamar tarihi ta faɗo mata a rai, da wankin da shugabar makaranta ta ambata. Sai kuma ta tuna wata rana da ta leƙa kwamfutar maigidanta tana wucewa da faranti, ya ce mata labarin 'yan'uwa mata biyu yake rubutawa.

"Yaya, lafiyata lau. Ko ciwon kai ba na yi."

"Kar ki yi min ƙarya don ki kwantar min da hankali."

"Ban taɓa ganin likitan ƙoda ba a rayuwata."

Auta ta ɗauki waya ta kira maigidanta. "Duk inda kake, ka sauke wanda ka ɗauka ka zo gida yanzu."

Ya shigo da fara'arsa, yana kaɗa makulli a yatsa. "A'a, Yaya ce da kanta? Yau shago ya yi hutu ke nan." Ya dubi fuskokinsu, ya dubi filastar, makullin ya daina juyawa.

"Baban yara," in ji Auta, "wa ya ce maka ƙodojina sun mutu?"

Ya nemi hannun kujera ya zauna. Ya shafa kai, ya shafa gemu. Da ya fara magana, ba da ban haƙuri ya fara ba, bayani ya shiga yi, kamar wanda aka tambaya yadda injin mota ke aiki.

"Ku tsaya ku ji. Labarin ne ya tsaya min cak. Duk abin da na sa a bakin mutanen ciki, in na karanta sai in ji ba mai magana haka. Sai na fara ba fasinjoji labarin in ji me za su ce. To in ka ce wa mutum fim ne, amsar fim zai ba ka. Ya ce a kawo haɗarin mota, a kawo wani attajiri ya biya komai. Na koma cewa wani abokina ne abin ya samu, sai su ce Allah ya kyauta, su ci gaba da danna waya. Ranar da na ce matata ce, wata mata ta wuce inda za ta sauka ba ta sani ba. Abin da ta faɗa a motar nan, in shekara zan yi ina tunani ba zan ƙirƙiro shi ba."

"Sai ka ci gaba," in ji Auta.

"Kowace tafiya ina ɗan sauya shi. Yau yayar ta ƙi saboda 'ya'yanta, gobe mijinta ne ya hana, jibi tsoron wuƙa take. In ga wanne ne ya fi taɓa mutane. Waya na nan a gaban mota tana ɗaukar murya, in na dawo in saurara in rubuta. Malama, rabin fim ɗin nan fasinjoji ne suka rubuta shi. Furodusa ya karanta farkon, ya ce bai taɓa ganin hira mai rai irin wannan ba."

"Da hawayen fa? An ce kuka kake yi."

Ya sunkuyar da kai. "In na daɗe ina faɗa, ni ma sai in ji kamar gaske ne."

"Kuma ba ka sami wata sana'a da za ka ba matar ba sai koyar da lissafi? Yayar kuma sai ɗinki?"

"In aka yi min tambaya, abin da na sani ne yake fara zuwa bakina. Garin nan da girma. Ban zaci akwai wanda zai gane ni ba."

Auta ta waiwayi Yaya. Tana nan zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, tana kallon bango. Auta ta zayyana masa abin da ya faru a shago, da faɗan Yaya da mijinta, da zuwa asibiti. Yana saurare, bakinsa a ɗan buɗe. Ta ga idanunsa sun canza, ta ɗauka kunya ce ta kama shi. Sai ya matso gaba, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, lokacin da matar ta faɗa miki, a tsaye kike ko a zaune? Me kika fara yi?"

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara. Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Hannunsa ma, ta lura, ya kai bakin aljihun da wayar take. Shi kansa sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa, ya janye hannun da sauri.

Yaya ta juyo a hankali. "A tsaye nake. Almakashi ne a hannuna, ina yanka rigar mutane. Ban san na ci gaba da yanka ba sai da na raba ta gida biyu. Ka samu? Rubuta." Ta dafa kujera ta miƙe, ta ɗauki jakarta. "Ni ma ina da tambaya ɗaya. Tun kana neman aurenta nake zuba maka abinci da hannuna. Me ka gani a tare da ni, da a duk labaran da ka ba mutane babu ko ɗaya da na yarda?"

"Ba abin da na gani, Yaya. Wallahi ba ke ba ce."

"To me ya sa?"

Ya ce, "In yayar ta yarda, babu fim."

Yaya ta yi wata 'yar dariya marar daɗin ji. Ta ɓalle filastar daga hannunta, ta ajiye a kan teburin kusa da kwamfutarsa, ta fita. Auta ta bi ta har bakin titi tana kira, ba ta waiwayo ba.

Washegari Auta ta shiga ofishin shugabar makaranta ta faɗi gaskiya. Matar ta cire tabarau, ta mayar, ta sake cirewa. Ashe mijin malamar tarihi ne ya hau motar, har malamai sun fara shirin yadda za su raba ajin Auta a tsakaninsu in ta kwanta. Ran nan ba wanda ya iya haɗa ido da ita a ofis. Shi kuwa maigidan, ta sa shi ya je shagon Yaya ya tsaya a ƙofa, duk wadda ta shigo ya faɗa mata da bakinsa cewa ƙarya ya yi. Wasu suka zage shi. Wasu suka gyaɗa kai cikin tausayi, suka fita suna cewa dangi ne suka tilasta shi don a rufa wa telar asiri. Yaya na kan kekenta tana ɗinki, ko sau ɗaya ba ta ɗago ba.

Auta ta zaci abin ya tsaya nan. Ran Asabar da hantsi tana shanya kaya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne siriri, rigarsa a goge tsaf, riƙe da babbar leda. Ya ce shi tsohon ma'aikacin gidan waya ne, yana neman direban motar haya. Ya sha hawa motarsa, har wata rana direban ya nuna masa layin gidansu, yau ya yi ta tambaya har ya iso.

"Ke ce Malama? Masha Allah, kin fi yadda na zata ƙarfi." Ya miƙo ledar. "Bargon mai ɗakina ne, Allah ya jiƙanta. Ɗakin wankin ƙodar nan sanyi ne da shi, ba sa gaya wa mutum sai ya je. Akwai kuma abin awon jini a ciki, yana aiki, batir kawai za a sauya. Tun rasuwarta ban buɗe akwatin ba sai jiya."

Auta ta kasa karɓa, ta kasa ƙi. Ta ce, "Shigo, Baba," ta ba shi kujera, ta je ta taso maigidanta. "Fito. Wannan kai za ka faɗa masa, kuma ina tsaye."

Maigidan ya fito, yana ganin dattijon ya gane shi. Ya durƙusa a gabansa, wannan karon babu dogon bayani. Ya ce matarsa lafiyarta lau, ba ta taɓa ciwo ba, labarin fim yake rubutawa.

Dattijon ya dubi Auta daga sama har ƙasa. Ya dubi ledar da ke kan cinyarsa.

"Fim," in ji shi.

"E, Baba."

"Abin da na gaya maka fa? Ranar da muka tsaya a gefen titi ka kashe mota?"

"Yana cikin waya."

"Muryata?"

"E."

"Kunna in ji."

Ya kunna. Muryar dattijon ta cika falon, a shaƙe, ana jin motoci na wucewa a bayanta. Yana ba da labarin yadda aka gwada shi aka ce ƙodarsa za ta yi wa matarsa, ya ji tsoro, ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Kafin ya gama tunanin jikinta ya yi nisa, likitoci suka ce ba za ta iya ɗaukar aiki ba. Ta rasu tana gode masa, ba ta san ya yi jinkiri ba. Muryar ta ce, "Kada ka tsani yayar matarka, ɗana. Tsoro ne. Ni na san shi."

"Kashe," in ji dattijon.

Auta ta ga hannunta a kan bakinta, ba ta san lokacin da ta ɗora ba.

"'Ya'yana ba su san wannan ba. Ba wanda ya sani a duniya. Na gaya maka ne don na ɗauka wuta ɗaya ke cin mu." Ya dubi maigidan. "Ka rubuta shi?"

"Na rubuta. Shi ne ƙarshen fim ɗin."

"Goge. Na wayar da na rubutun, ina kallo."

Ya goge na wayar. Ya ɗauko kwamfutar ya ajiye a kan tebur, ya buɗe, ya zaɓi shafukan. Yatsansa ya tsaya a sama na ɗan lokaci. Auta tana kallon yatsan, ta san in bai sauka ba yau za ta kwashe yaranta ta bar gidan. Ya danna. Ya kuma buɗe inda yake adana kwafi, ya goge na can ba tare da an ce masa ba.

Dattijon ya gyara bakin ledarsa ya ƙulle, ya miƙe da ƙyar. "Kowace safiya ina yi wa matarka addu'a. Ba ta faɗi ƙasa ba, ga ta nan a tsaye lafiya. Wannan kam na gode wa Allah."

"Bari in kai ka gida, Baba."

"A'a. Bas zan hau."

Auta ta karɓi ledar ta raka shi har tasha. A hanya bai ƙara ta da maganar ba. Tambayarta ya yi ko yaran yanzu suna haddace jadawalin sau, ta ce da ƙyar. Ya ce a zamaninsu ma da ƙyar ne, malamai ne kawai ke mantawa. Da bas ɗin ta zo ta miƙa masa ledar ta taga, ya rungume ta a ƙirji, motar ta ja.

Maigidan ya mayar wa abokinsa da motar a makon. Ya goge sauran muryoyin, ya kira furodusa ya ce labarin 'yan'uwa matan ya mutu. Furodusan ya yi ta faɗa, har ya zo gida da kansa yana lallashi, bai samu ba. Daga baya marubucin ya rubuta wani labari a kan 'yan'uwa maza biyu da ke rigimar gareji. An yi fim ɗin, ya fito, ba wanda ya yaba ba wanda ya zaga.

Yaya ta daɗe ba ta taka gidan ba. Auta ce ke zuwa shago bayan an tashi daga makaranta, ta zauna a kan benci tana taya ta tsinke zare daga kayan da aka gama. Masu ɗinki sun dawo sannu a hankali, ban da matar da ta karɓe yadinta. In maigidan ya zo raka Auta gida da ƙafa, yakan tsaya daga waje ya gaishe da Yaya, ta amsa da kalma ɗaya idonta na kan allura. Har yanzu akan sami wata ta tare Auta a hanya ta riƙe mata hannu ta ce ya jiki. Da farko takan tsaya ta yi bayani. Yanzu cewa take da sauƙi, ta wuce.